Tsakanin Gado da Kujera

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yan matan da kike koya wa ɗaga ƙarfe. Mu nan lafiya lau, sai abin da ya sa na ɗauki biro.

Wataƙila ba za ki tuna ni ba. Ni ce autar ɗan baffanki, wadda kika taɓa ɗagawa da hannu ɗaya a ƙofar gidanmu ina ta ihu. Yanzu na yi aure. Baba ne ya ba ni adireshin wurin aikinki, ya ce kada in wahalar da kaina da waya tunda kunnenki ya samu matsala. Ni kuwa daɗi na ji, don tun da na fara karatun littattafan soyayya nake burin in rubuta wa wani wasiƙa ta gaske.

Ranar da komai ya canza mini, safiya ce irin ta kullum. Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune da mu tun da ɓarin jikinta ya shanye. Shi ne yake ɗauke ta daga gado ya ɗora ta a kujera mai taya kafin ya fita aiki, ni kuma in tura ta bakin taga in karanta mata littafi. Ran nan aka kira shi da sassafe, ya fita bai ɗauke ta ba. Ta yi ta kallon tagar daga gado. Na ce a raina, ai a littattafai in mace tana son mutum, ƙarfi zuwa mata yake yi daga inda ba ta sani ba. Na sa hannuwana a hammatarta na ɗaga. Mun bar gado, ba mu kai kujera ba, sai na kasa. A hankali muka sulale ƙasa, kanta a kan damtsena.

Na kasa tayar da ita, ban kuma yarda in bar ta in fita neman taimako ba. Ina kuka, sai ta ce, “Ke, share hawayenki ki miƙo littafin. Tunda mun samu wuri mai sanyi, ci gaba daga inda attajirin ya shigo.” A nan ƙasa maigidana ya dawo ya same mu.

Ba ta ji ciwo ba sai ɗan kumburi a gwiwar hannu. Amma labari ya kai kunnen Anti Babba, yayar maigidana. Ga shi kamfaninsu zai tura shi aiki nesa na watanni. Ta ce ba za a bar mata uwa a hannun yarinyar da buhun shinkafa yake kayarwa ba, za ta ɗauke ta. Gidanta a saman bene yake, Gwaggo. Tagar ɗakin bango take kallo, kuma ita da mijinta fita suke yi tun safe. Inna ta ce ba ta zuwa. Aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan cewa Anti za ta zo kafin tafiyarsa ta gani da idonta. In na iya ɗaukar Inna ni kaɗai daga gado zuwa kujera, ta zauna. In na kasa, mota ta zo.

Shi ne maigidana ya jawo sandar ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, da faya-fayan da ake zura mata gefe da gefe. Ya nuna mini motsi huɗu: ɗauko ta daga ƙasa, jawo ta zuwa ciki, tsuguno da ita a kafaɗa, sai tura ta sama da kai. Ya ce in yi su a haɗe, wannan na bin wannan, kada sandar ta taɓa ƙasa sai na gama duka. Hujjarsa ita ce Inna ma ba a ajiye ta a tsakiyar hanya. Na ga gaskiyarsa. Sai Baba ya ce shi da ya taɓa ganin 'yan matanki a talabijin, abu ɗaya suke yi su yar da ƙarfen su tafi su huta. Na ga gaskiyarsa shi ma.

Don Allah wanne ne? A haɗe ko ɗai-ɗai? Lokacin da ya rage mini bai kai wata biyu ba.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Na samu takardarki. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai take mini tsegumi in hadari ya haɗu. Na tuna ki sarai. Ba ki da nauyi a lokacin, kuma daga rubutunki na gane har yanzu ƙafarki ba ta gama taɓa ƙasa ba. Ki gaida surukarki. Matar da ta faɗi ta nemi a ci gaba da karatu, irin tawa ce.

Ɗai-ɗai.

Ga dalili, kuma ki karanta da kyau. In kin haɗa motsin huɗu ba ki ajiye sandar ba, nauyi ɗaya za ki yi amfani da shi daga farko har ƙarshe. Wannan nauyin dole ya zama wanda hannuwanki za su iya turawa sama, hannu kuwa shi ne ragon gidan. Ƙafafu da baya, su da za su ɗauki tsohuwar, wasa kawai za su yi. Za ki yi gumi, za ki yi haki, ki ɗauka kin yi aiki. In kin raba su, kowane motsi da nauyinsa. Na ɗaukowa daga ƙasa ya fi kowanne yawa. Tsuguno ya biyo baya. Turawa sama kuwa, ki cire faya-fayan gaba ɗaya, sandar tsirara ta ishe ki yanzu. Ki yi motsi ɗaya sau biyar, ki ajiye, ki zauna har numfashinki ya dawo, ki sake. Sai kin gama da shi kafin ki canza faya-fayai ki shiga na gaba. Yau aiki, gobe hutu. Bayanki a miƙe kamar ƙofa.

Mijinki ba wawa ba ne, amma kada ki gaya masa na faɗa.

Abin da ya kayar da ke nauyi ne. Don haka kada ki ji tsoron nauyi, ki riƙa ƙara shi.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Inna tana amsawa, ta ce in gaya miki ita ma ta ji kina burge ta. Kowa lafiya, sai kafaɗata ta dama.

Kada ki yi fushi. Ina da wata ɗabi'a in ina karatu: in marubuciya ta tsaya bayanin labule da kujerun falo, tsallakewa nake yi in tafi inda ake magana. Da takardarki ta zo, zumuɗi ya sa na karanta sama, na ga “ɗai-ɗai”, na leƙa ƙasa na ga in ƙara nauyi. Dogon sakin layin nan na tsakiya na ce zan dawo masa.

Da na gaya wa maigidana, sai fuskarsa ta canza. “Wato har takarda kika rubuta a kaina? Ni da nake gidan ban isa ba, sai an tambayo wata duniya?” Na ce ba haka ba ne. Ya ce to ta zo ta ɗauki Inna ɗai-ɗai mu gani, yau ƙafa, gobe kai. Ya yi kwana biyu yana amsa mini magana da hanci.

Na zauna na yi tunani. A duk littafin da na karanta, in mutum biyu masu ƙaunarki suka saɓa, sulhu ake yi, kowa a ba shi rabi. Sai na ce bari in ɗauki nauyinki in haɗa da tsarinsa. Na zura faya-fayan da nake iya ɗaukowa daga ƙasa, na yi niyyar in yi huɗun duka ban ajiye ba.

Na ɗauko. Na jawo, da kyar. Na wurgo ta kafaɗa, ban san yadda aka yi ba. Da na zo turawa sama, sandar ta ce ba da ita ba. Ta tsaya a wuyana, ba sama ba ƙasa. Inna tana kallo daga kujera tana cewa, “Sake ta! Sake ta, 'yar nan, ba kishin kowa take yi ba!” Na sake ta. Tayil biyu sun fashe, teburin tsakiya ya rasa ƙafa, mai gidan da muke haya ya shigo yana tambaya ko silindar gas ce ta fashe.

Bayan nan ne na karanta tsakiyar takardar. Sau uku.

Yanzu na bi taki sak. Amma ga abin da ya rikita ni. In na yi ɗai-ɗai, rabin lokacin a zaune nake ina jiran numfashi. Ba gumi, ba komai. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin ƙarfi da ake yi a zaune ba, in ma so nake in huta in fito fili in faɗa. Maigidana ya wuce ya kalle ni a kan kujera, ya kalli sandar a ƙasa, ya ce, “Sannu da aiki.” Kuma maganarsa tana damuna. Ranar da muka faɗi, ai na ɗaga ta. Ɗagawar ba ta gagare ni ba. A juyawa ne na ƙare. To ƙarfi ne ya gaza, ko numfashi? In numfashi ne, ba tasa ce daidai ba?

Ki amsa mini da wuri.

Auta

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba. Ko takardata ba ta iso ba, ko kuwa fushi kika yi? Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu, har ya fara canza hanya in ya hango ni.

Kafaɗar ta warke. Da na ga ba amsa, sai na koma yau taki, gobe tasa. Ranar hutun da kika ce ita ce na ba shi. Na san kin hana, amma lokaci yana gudu. Yanzu ban san me ke aiki ba. Ranar taki ina jin kamar zan iya ɗaga gidan, amma in na hau matakala sai haki. Ranar tasa ina jiƙewa sharkaf, in kwanta ina jin kamar jaruma, washegari nauyin da na ɗauko shekaranjiya ya ƙi tashi. Baya nake yi ko gaba?

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Na lura kwanon Inna yana dawowa kusan yadda na kai shi. Ta ce bakinta ne ba daɗi. Na canza girki, haka. Jiya na tsare ta, na ce sai ta gaya mini. Ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ce, “Ke kina ƙara nauyi a can, ni ina ragewa a nan. Sai mu haɗu a tsakiya.”

Gwaggo, na yi dariya don ta yi dariya, na shiga kicin na yi kuka. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya wa ɗanta ba. Ina ba ta a baki yanzu, in ta ƙi in rufe littafi in ce ba karatu. Da haka take cin rabi.

Anti Babba ta matso da zuwanta, don an matso da tafiyarsa. Sati mai zuwa ne.

Auta

*

Auta,

Takardunki biyu na tarar a tare. Ba fushi na yi ba, na kai yarana gasa ne a wani gari, muka daɗe. Lafiya muka dawo, sai ɗaya da ta murɗe ƙafa a matakalar mota, ba ma a filin ba.

Na farko, kuma kafin komai: ki gaya wa mijinki maganar abincin yau. Wannan alkawarin ba a riƙe shi. Tsohuwar da ba ta ci ba, ƙafarta mai lafiyar ma za ta daina taimakonki.

Na biyu, ke da kika haɗa nauyina da tsarinsa, Allah ne ya so ki da rahama aka tsaya a tayil. Yanzu kuma kin cinye ranar hutu. Jiki a ranar hutu yake gina abin da kika roƙe shi a ranar aiki. Kin hana shi, shi ya sa nauyin ya ƙi tashi.

Tambayarki mai kyau ce, ta juyawa. Ƙarfi ne da numfashi duka. Da ni da mijinki ba saɓani muke yi ba, layi ne. Ɗai-ɗai tukuna, har ƙarfin ya taru ya yi rara. Sannan a haɗe, don ki koyi riƙe shi ba ki ajiye ba. Da yarana ma haka nake yi. Amma wannan aikin watanni ne, Auta. Da na san wata biyun nan da gaske ake, da tun farko na gaya miki ba ya isa. Na ɗauka irin wa'adin 'yan'uwa ne da ake ɗagawa.

Kuma mutum ba sanda ba ne. Sanda ba ta jin jiri, ba ta zamewa, in ta faɗi ba ta karyewa. Ki je asibiti wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki su nuna miki yadda ake ɗaukar mai shanyewar jiki. Ba ta hammata ake kamawa ba, akwai ɗamara da ake ɗaura musu a ƙugu.

Ko ta zauna ko ta tafi, wannan ban san shi ba. Ƙarfe na sani.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Sallama. Allah ya ba mai ƙafar lafiya. Mu ma muna nan. Takardarki ta iso washegarin zuwan Anti Babba. Na karanta ta duka, har tsakiyar.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Anti ta zo da jakarta a hammata, ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ta ce, “To, amarya, bismillah. Mu ga abin da aka fasa tayil a kansa.” Maigidana ya jingina da bango ya harɗe hannu. Inna ta sa an ɗaura mata sabon ɗankwali.

Na matso da kujerar, na taka birkinta. Na miƙe bayana kamar yadda kika ce. Na ɗaga, ta taso, har na yi mamakin sauƙin. A raina na ce ta Gwaggo ta yi aiki. Na fara juyawa, numfashina bai yanke ba, na ce tasa ma ta yi. Sai hannuna na hagu ya zame daga bayanta. Ba a hankali ba, gaba ɗaya. Na ji nauyinta ya tafi gefe, wajen ƙarfen gadon.

Inna ce ta cafke wuyana da hannunta mai lafiya. Ta rataye a jikina da farcenta, ta ja kanta, na samu na mayar da hannun. Muka sauka a kujera, da ɗan ƙarfi, amma a kujera.

Bayana ne yake wajen ƙofa. Ba su ga komai ba sai saukar.

Anti ta ce, “To. Na gani. Ban zata ba, amma na gani.” Maigidana ya yi ta murna yana cewa ai ya faɗa, a haɗe ne maganin. Har shayi ya dafa mana da kansa. Ni kuwa na ja mayafi na rufe wuyana, don sawun farcen har jini ya yi. Inna ta kalle ni ta girgiza kai kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Da suka fita raka Anti na durƙusa gabanta. Na ce, “Inna, kin san na sake ki.”

Ta ce, “Ni ban san komai ba. Ga ni a kujera.”

Na ce, “Ke kika ɗauki kanki.”

Ta ce, “To da wa kike so ya ɗauke ni, maƙwabta? Ke da hannu biyu, ni da ɗaya, uku ke nan. Sun isa. Ki yi mini shiru, 'yar nan. Kin ji? In kina ƙaunata ki yi shiru.”

A littafi nan ne ƙarshe, Gwaggo. An ci nasara, mai shakka ta ji kunya, a rufe bangon littafi. Na yi ta jira in ji daɗin da ake ji a wurin, bai zo ba. Abin da yake zuwa mini shi ne safiyar da ta sha maganin da yake sa ta jiri. Da banɗaki, in ƙasan ya jiƙe. Da ranar da hannun nata zai makara, kuma ba wanda zai dawo da yamma ya tashe mu.

Har yanzu ban san me ya sa hannun ya zame ba. Na tambayi kaina ko da na tsaya a taki kaɗai da ya riƙe, ko da na bi tasa tun farko da bai gaji ba. Na ɗauki sandar na gwada ta haka, na gwada ta haka, ba ta gaya mini komai ba. Kin ce layi ne, na yarda, amma ban san a ina nake a layin ba. Abin da na sani, ban kai inda suka ɗauka na kai ba.

Na gaya wa maigidana maganar abincin, na kuma nuna masa wuyana. Bai ce a haɗe ba, bai ce ɗai-ɗai ba. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kansa. Ya ce ni zan zauna da ita, don haka ni zan yanke.

Inna ta ji mu. Tun lokacin ta juya fuskarta bango, in na gaishe ta sai ta amsa wa ɗanta.

Na kira Anti Babba da kaina na faɗa mata abin da ba ta gani ba. Motar za ta zo ranar da zai tafi, kuma Inna za ta bi ta.

'Yarki,
Auta